Yadda Ake Gina Ƙaramar Tashar Jirgin Ƙasa da Karkararta a Kan Tebur

Duk wanda ya samu ɗan jirgin ƙasa na lantarki, ya shimfiɗa layinsa a kan tebur, kwana uku yake yi yana murna. A na huɗu sai ya gaji, don jirgin da ke zagaye a kan katako tsirara bai fi fanka ba. Abin da ke sa mutum ya zauna yana kallo shi ne ƙasar da jirgin ke ratsawa: ya ɓuya a bayan dutse, ya fito ta gindin kuka, ya haye gada, ya tsaya a tasha. Wannan ƙasar ita nake ginawa shekara da shekaru a wani ɗaki na gidana a nan Bauchi, na rushe na sake ba sau ɗaya ba, kuma ita zan nuna maka.

Shawara ɗaya kafin komai: kada ka kwaikwayi hoton da ke jikin kwalin jirgin. A can za ka ga koriyar ciyawa ta Ingila da gidaje masu bututun hayaƙi. Kayan yin wannan ba mu da su a nan, kuma ko ka yi, idonka bai san shi ba balle ya gane inda ka kuskure. Amma ka san launin jan ƙasar Bauchi, ka san yadda Dutsen Zaranda yake da hantsi, ka san kwano mai tsatsa. Layin dogo da ya taso daga Kuru kusa da Jos an fara shi a 1958, ya iso Bauchi a 1961, ya wuce ta Gombe ya kai Maiduguri a 1964. Tashar tana nan a unguwar Reluwe. Je ka da wayarka ka nemi izinin masu gadi, ka ɗauki hoton ginin, da dandamali, da tsakuwar layi, da ciyawar da ta tsiro a tsakani. Hotunan nan su ne malamanka.

Kayan aiki

Zarto, guduma, filaya, almakashi, rula ta ƙarfe, tef na awo, fensir, samfefa, wuƙa mai kaifi irin mai ɓallewa tare da ƙarin reza, burushin fenti babba ɗaya da ƙanana biyu, tsohon burushin haƙori, sirinji marar allura, kwalbar feshi irin ta masu aski, rariyar tankaɗe da matacin shayi, da maganaɗisu da aka ciro daga tsohuwar lasifika. Rariyar ka sayi taka. Kada ka ɗauko ta uwargida, ni na yi, na ji bayani.

Kayan gini

Falankin filawud cikakke, ƙafa 4 da ƙafa 8, wato kusan santimita 122 da 244, mai kaurin rabin inci, da sandunan katako na ƙafafu da firam. Farin soson nan da ake tare firji da talabijin a cikin kwali, masu shagunan kayan lantarki a Wunti sukan zubar da shi. Kwalaye masu kauri da marasa kauri. Farin gam na kafinta, irin Top Bond. Hodar POP ta masu silin. Tsofaffin jaridu ko takardar buhun siminti. Fentin ruwa na bango: fari, baƙi, ja, ruwan ɗorawa, kore, shuɗi. Garin katako daga wurin 'yan katako a Muda Lawal. Guntun soson katifa. Tsohuwar wayar wuta mai silin tagulla a ciki. Igiyar rama. Tsinken tsire, tsinken sakace, karan ashana. Yashi, jar ƙasa, da tsakuwa mai laushi. Maganin gara.

1. Gane ma'aunin jirginka

Nan ne kaɗai lissafi yake, amma wanda ya tsallake shi zai gina ƙofar da ta fi tarago tsawo. Ɗauki rula ka auna tsakanin ƙarafan layi biyu daga ciki. In ka samu milimita 16.5, jirginka ko dai HO ne, wanda aka rage sau 87, ko OO na Ingila irin na kamfanin Hornby, wanda aka rage sau 76. In milimita 9 ne, N ke nan, galibi sau 160. Kwalin yakan faɗa.

Zan yi magana a kan HO. Duk abin da ka auna a waje, raba shi da 87. Mutum mai tsayin mita 1.7 ya koma santimita 2. Ƙofa mai mita 2 ta koma milimita 23. Ɗaki mai faɗin mita 4 ya koma santimita 4.6. Kuka mai mita 15 ta koma santimita 17. Yanka ɗan kwali mai tsayin santimita 2, ka zana masa kai da hula, ka ajiye shi a aljihu. Duk abin da ka gina ka tsayar da shi a gefe. Shi zai gaya maka gaskiya kafin kowa.

Wani abin da masu bin diddigi ke damuwa da shi: tsohon layin Najeriya faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, ya fi na Turai ƙanƙanta. In an raba da 87 sai a samu kusan milimita 12, ke nan layin HO na yau da kullum ya ɗan fi na Bauchi faɗi. Ni ban taɓa rasa barci a kan wannan ba, kai ma kada ka rasa.

In jirginka na batir ne irin na kasuwa, babu ma'auni a jikinsa, auna ƙofar taragon fasinja ka ɗauke ta a matsayin mita 2, ka gina komai daidai da ita.

2. Haɗa tebur

Sa kafinta ya yi firam a ƙarƙashin filawud ɗin, da sanduna a gicciye kowane santimita 40, don falanki shi kaɗai yana lanƙwasa in damina ta shigo. Tsayin tebur kamar mita ɗaya daga ƙasa. Shafe katakon duka da maganin gara, musamman ƙafafu, ka bar shi a waje ya sha iska kwana biyu.

Hannun mutum ba ya kai fiye da santimita 75 ba tare da ya kwanta a kan aikin ba. Don haka falanki mai faɗin 122 kada ka jingina dogon gefensa da bango. Bar hanya ta kowane ɓangare, ko ka sa wa ƙafafun tayoyi. In ɗakin ƙarami ne, raba falankin gida biyu a tsaye, ka yi dogon kanta mai faɗin santimita 60 a jikin bango, jirgi ya riƙa zuwa yana dawowa maimakon zagaye. Tasha ta fi kyau a haka ma.

3. Shimfiɗa layi, ka tuƙa jirgi mako guda

Kada ka taɓa gam ko POP tukuna. Shimfiɗa layin, ka danne shi da ƙananan ƙusoshi ba tare da ka buga su har ƙarshe ba, ka haɗa wuta, ka tuƙa. Gaba da baya, da sauri da sannu, da taragu duka. Duk inda jirgi ya yi tuntuɓe ko ya sauka daga layi, gyara yanzu, domin bayan an gina dutse a kai, gyara ya zama rushewa.

Kwanar layi kada ta matse. A HO, daga tsakiyar da'ira zuwa layi a bar aƙalla santimita 46. In za ka yi hawa, kada ya wuce santimita 2 a kowace mita, 3 in ya zama dole. Fiye da haka kan jirgi zai yi ta murza ƙafa a wuri ɗaya.

In komai ya daidaita, ɗauki taragon da ya fi kowanne tsawo, ka riƙe fensir a tsakiyarsa ta cikin kwana, ka tura shi ya zana layi a katako. Sake yi da fensir a ƙarshen taragon ta wajen kwana. Tsakanin zanen nan biyu hurumin jirgi ne, ba dutse, ba bango, ba bishiya. Sannan ka rufe layin gaba ɗaya da tef na takarda.

4. Tsara ƙasa

Da fensir zana inda tasha za ta zauna, inda dutse zai tashi, inda ƙorama za ta bi, da gona, da 'yan gidaje. Mai koyo yakan so ya cusa komai: kasuwa, masallaci, makaranta, tashar mota, filin ƙwallo. Fita wajen gari ta hanyar Gombe ka duba. Yawancin abin da ido ke gani fili ne, sai bishiya nan, dutse can. Rabin teburinka ya zama fili. Dogayen abubuwa su koma baya, gajeru su zo gaba. Kuma a samu wuri ɗaya da jirgi zai ɓace wa mai kallo, ko da daƙiƙa uku ne, a bayan dutse ko cikin yankan tudu.

Zaɓi lokaci ɗaya na shekara ka tsaya a kai. Ni rani nake ba mai farawa shawara, bayan girbi, domin busasshiyar ciyawa da ƙorama mai yashi sun fi saukin yi a kan koren damina da ruwa.

5. Tayar da duwatsu da tuddai

A nan aikin yake da daɗi, a nan kuma ake yawan ɓata shi.

Yanka farin soson gunduwa-gunduwa, ka ɗora wani kan wani kamar matakala, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Shafa farin gam a tsakani, ka soke su da tsinken tsire su riƙe juna, ka danne da bulo kwana guda. Gam tsakanin soso biyu yana jinkirin bushewa saboda iska ba ta shiga.

Hattara: gam mai warin fetur irin na masu gyaran takalmi, da sufa gulu, da fentin feshi na gwangwani, duk suna narkar da soson nan. Dutsena na farko a gabana ya lotsa kamar an zuba wa sukari ruwa, sai wari ya rage. Farin gam kawai. Kada kuma ka yanka soson da wuƙar da aka gasa a wuta a cikin ɗaki, hayaƙinsa ba abin shaƙa ba ne.

In ya kama, sassaƙe shi da wuƙa. Duwatsun Bauchi ba masu tsini ba ne. Ƙatuwar fa ce mai sulɓi, zagayayya kamar bayan kunkuru, da manyan ƙwallayen dutse da suka tsage suka hau kan juna a gindinta ko a samanta, wani ka rantse yanzu zai gangaro. Haka za ka sassaƙa: babban jiki ɗaya mai santsi, sannan ka yanka ƙananan gunduwoyi ka goge kusurwoyinsu da samfefa su zama kamar dankali, ka tara su a gefe. Kada su zo girma ɗaya.

In ba ka samu soso ba, yanka kwali siri-siri mai faɗin yatsa biyu, ka saƙa shi kamar kwando a kife, ka liƙa bakinsa a tebur, ka cusa dunƙulallun jaridu a ciki su tokare shi. Ragar taga ta waya ma tana yi.

Yanzu rufi. Yayyaga takardar buhun siminti ko jarida kamar tafin hannu. Zuba ruwa kofi ɗaya a roba, ka barbaɗa hodar POP a kai sannu a hankali har ta yi kaurin kunu. Hoda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin hoda ba, in ba haka ba sai gudaji. Ƙara cokali biyu na farin gam, yana ƙara ƙarfi. Tsoma takarda, ka shimfiɗa a jikin dutsen, kowace ta hau gefen 'yar'uwarta. Rufi biyu ya isa. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin POP cikin minti goma zuwa ashirin yake sandarewa, kuma in ya fara kamawa ƙarin ruwa ba ya dawo da shi. Ragowar kada ka zuba a makwarara, zai toshe ta. Bar shi ya bushe a robar, ka lanƙwasa ta ya faɗo.

Kafin rufin ƙarshe ya gama kamawa, ja tsagu da bakin ƙusa, ka daddanna da burushin haƙori don fuskar ta yi ɗan kaushi. Lokacin hunturu iska tana shanye ruwan da wuri har ya tsattsage, don haka fesa masa ruwa kaɗan ka rufe da leda daren farko.

Wani zai ce maka ka yi da kokon rogo ko kwaɓin fulawa, ya fi araha. Gaskiya ne, yana kamawa. Na yi sau ɗaya, cikin wata biyu kyankyasai suka cinye mini rabin tudu daga ciki, ɓera ya ƙarasa. Duk abin da ake ci kada ya hau teburin nan, har da gero da wasu ke cewa a yi tsakuwa da shi.

Fentin dutse ba a yi masa shafe ɗaya mai kauri. Fara da ruwan toka mai haske, ka ɗan sa ja kaɗan a ciki. In ya bushe, tsinka baƙin fenti da ruwa sosai har ya zama kamar ruwan wankin tukunya, ka kwarara daga sama, ya bi tsagu ya zauna a ciki. Shi zai ba ka baƙaƙen zanen nan da ruwan sama ke bari a jikin fa. A ƙarshe tsoma busasshen burushi a farin fenti, ka goge shi a takarda har ya kusa ƙarewa, ka shafa sama-sama a kan tudun dutsen. Nan take zai fito kamar rana ta haska shi.

6. Zuba ƙasa da ciyawa

Babu fentin da ya kai ƙasar gaske. Ɗebo jar ƙasa da farin yashin ƙorama, ka shanya su a rana kwana biyu a kan kwano, ko ka soya su a tsohuwar tukunya don ƙwari da irin ciyawa su mutu. Tankaɗe da rariya, sannan da matacin shayi, ka ware mai laushi daban. Daga nan sai ka sa maganaɗisun a leda ka yi ta jan sa a cikin ƙasar. Za ka yi mamakin baƙin garin ƙarfen da zai manne. In ka bar shi, injin jirginka ma yana da maganaɗisu, shi zai tsince shi ya lalace.

Shafa wa wurin fenti mai launin ƙasa da farko, don kada farin POP ya leƙo. In ya bushe, shafa gam da aka tsinka da ruwa rabi da rabi, ka barbaɗa ƙasar ta matacin shayi. Yi ɗan wuri kaɗan-kaɗan, kamar faɗin faranti. Kada launi ya zama ɗaya ko'ina: ja a kan tudu, mai duhu a fadama, fari-fari a kan hanyar ƙafa da burtali. Ƙasa takan yi duhu in ta sha gam, saboda haka gwada a guntun kwali tukuna.

Gona kuwa ga dabara: ɗauki kwali mai kauri, ka jiƙa fuska ɗaya ka ɓare ta, sai ga kunyoyi a jere. Liƙa shi, ka shafa gam, ka barbaɗa ƙasa. Sossoka 'yan guntayen zaren tsintsiyar laushi su zama kututturen karan dawa.

Busasshiyar ciyawa daga igiyar rama take. Warware ta, ka yanka tsawon rabin santimita zuwa ɗaya, ka kama ɗan tsunki, ka tsoma gindinsa a gam, ka dasa. Aiki ne mai cin lokaci, ni da rediyo a kunne nake yin sa. Dasa su a gindin duwatsu, bakin layi, da gefen ƙorama, a rukuni-rukuni. Don ɗan kore a fadama, jiƙa garin katako da koren fenti mai ruwa wanda aka kashe kaifinsa da ɗigon ja, ka shanya, ka tankaɗe, ka barbaɗa.

7. Tsakuwar layi

Cire tef ɗin. Tsakuwar da za ka zuba kada ƙwayarta ta wuce milimita ɗaya. Garin dutse daga wurin masu fasa dutse, in an tankaɗe, shi ya fi. Zuba da cokalin shayi a tsakiyar layi da gefe, ka share da busasshen burushi har saman katakan layin su fito fes, babu ƙwaya ko ɗaya a jikin ƙarfe ta ciki.

Fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke daga nesa, ya sauka kamar raɓa. In ka tsallake wannan, gam zai dunƙule a sama ya kwashe tsakuwar. Sai ka ɗiga gam rabi da rabi ta sirinji har ka ga fari ya cika tsakani. Kada ka taɓa, bar shi kwana ɗaya ko biyu.

Wurin canjin layi, inda ƙarfe ke motsi, kada gam ya kusance shi. Bar wurin da tsakuwa kaɗan, ka riƙa motsa shi lokaci-lokaci yayin da sauran ke bushewa. Bayan nan goge saman ƙarfen da tsumma da sifirit. Ban da samfefa, tana barin ƙarce da datti ke maƙalewa.

8. Gine-gine

Fara da abu mai sauƙi, ɗakin mai gadi ko shago, kafin ka taɓa tashar. Zana bango huɗu a kan kwali mai ƙarfi marar rami a ciki, irin na bayan kalanda ko kwalin takalmi. Yanke ƙofofi da tagogi tun bangon yana kwance, da rula ta ƙarfe da sabuwar reza, ja uku marasa ƙarfi maimakon ɗaya mai ƙarfi. Yatsunka su kasance a bayan rula. Haɗa kusurwoyi da gam, ka liƙa karan ashana a ciki su tokare. Shafa fenti ciki da waje, domin kwalin da aka shafa wa fuska ɗaya yana lanƙwashewa. Gilashin taga daga farar robar kwalin magani ko ta sabuwar riga.

Rufin kwano: samo faranti na alminiyom irin na zuba abincin biki, ka yanka shi ƙanana, santimita 1 da 2.5. Ɗora kowanne a kan dogon ƙusa mai zare ko matsefi mai ƙananan haƙora, ka murza da farce, sai ya yi layi-layi. Jera su daga ƙasa zuwa sama, na sama ya hau na ƙasa. Shafa ruwan toka, sannan ka ɗiɗɗiga ja da aka gauraya da baƙi a bakin kowanne, ka ja shi ƙasa. Ɗora 'yan duwatsu biyu a kan rufin wani shago kamar yadda ake danne kwano saboda iska. Irin wannan ɗan abin shi ke sa baƙo ya yi dariya ya ce ya san wurin.

Gidan ƙasa ya fi kowanne sauƙi, don ba ya son miƙaƙƙen layi. Yi ƙwarangwal da kwali ko soso, ka kwaɓa jar ƙasa mai laushi da gam da ɗan POP, ka yaɓa da yatsa. Gindin bango ya fi samansa kauri. Ɗaga zankwaye a kusurwoyin soro, ka soka guntun bututun biro ya zama indararo. Rumbu kuwa murfin kwalba ne ko guntun soso da aka sassaƙa, tsayin santimita 3 zuwa 4, a yaɓe shi, a ɗora shi kan 'yan duwatsu, a yi masa jinka da zaren rama. Darni daga tsintsiyar laushi.

Tashar kanta, bi hotonka. Ƙirga tagogi, ka kimanta tsawon ginin daga faɗin ƙofa. In ya yi wa teburin yawa, rage yawan tagogin amma kada ka rage girmansu. Dandamali daga falankin silin, a kiyaye zanen fensir ɗin nan na mataki na uku. Rubuta BAUCHI a kwamfuta da ƙananan baƙaƙe, a buga maka, ka liƙa a allo.

Kada ka liƙe gini a tebur. Zana gindinsa, ka kawo ƙasa har bakin zanen, ginin ya zauna cikin ɗan rami. Haka ba za a ga rata a ƙarƙashinsa ba, kuma kana iya ɗaga shi ka share.

9. Bishiyoyi, gada da dabbobi

Fere wayar wuta ka fito da silin tagulla. Haɗa kamar sili talatin, ka murɗa su tare su zama gangar jiki, ka rarraba sama zuwa rassa, kowane reshe ka sake raba shi. Bar ɗan tsini a ƙasa na dasawa. Don kuka, naɗe gangar da takarda har ta yi ƙiba sosai, ka yaɓa POP da gam, ka shafa ruwan toka. Da rani kuka ba ta da ganye, ka huta. Darbejiya da mangwaro da tsamiya suna son ganye: goga soson katifa a jikin abin goga kuɓewa ya zama gari, ka rina shi kore kala biyu, ka shafa gam a rassa ka barbaɗa, mai duhu a ƙasa, mai haske a sama. Giginya tsinken tsire ne da aka ƙara wa ciki a tsakiya, da ganyen takarda da aka yanka kamar mafici. In kana gaggawa, busasshen saiwar ciyawa da aka juya sama bishiya ce da kanta.

Ƙorama a rani farin yashi ce da 'yan duwatsu, da ɗan kududdufi ɗaya. Shafa wa gurbin kududdufin fenti mai duhu, ka bi shi da banis siriri sau huɗu ko biyar, kowanne ya bushe kafin na gaba. Banis ma yana cin soso, sai wurin da POP ya rufe sosai. Gadar kuwa tun a mataki na uku ya kamata ka yanke filawud a wurin ka saukar da shi santimita 5, ka bar layi a kan siririn katako. Ƙafafunta katako ne da aka zana wa layin dutse.

Shanu da awaki, ba wa yaran gida yumɓu. Jikana ya fi ni iya ƙera bijimi mai tozo, sai dai kullum nasa yakan fi tashar girma, sai na miƙa masa ɗan mutumin kwalin nan na ce, “Abokina, wannan ne makiyayin, yi masa wanda zai iya kora.” Saniya kada ta wuce santimita 2.5 daga kai zuwa gindin wutsiya. A shafa musu fari, a yi ƙaho da silin waya.

10. Bango na baya da murfi

Kafa falankin silin mai tsayin santimita 40 a bayan tebur. Shafa shuɗi mai haske a sama, yana komawa fari-fari zuwa ƙasa, irin sararin hunturu. Zana duwatsu masu nisa da ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, ba tare da wani ado ba.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kwana biyu sun isa ta rufe layi jirgi ya ƙi tashi. Yi firam mai sauƙi da siraran katako wanda ya fi bishiyarka mafi tsawo, ka ja farar leda mai kauri a kai, ka kifa shi duk lokacin da ba a wasa. Zani kai tsaye a kan aikin yana karya rassa. In ƙura ta riga ta hau, bi gine-gine da burushin kwalliya mai laushi, ƙasa kuwa ka hura mata iska da abin hura wuta na roba ko fanko na sirinji, layi kuma tsumma da sifirit. Cire filogin wuta kafin ka fara shara, ka kwashe kan jirgi da taragu ka mayar da su kwalinsu.